Yadda Ake Kafa Rukunin Bitar Karatu Don Sababbin Ɗalibai a Jami'a

Duk shekara idan sakamakon zangon farko ya fito, cikin 'yan aji ɗaya ba a rasa yaron da ya zo da kiredit takwas ko tara a WAEC, ya ci maki mai kyau a JAMB, amma ga kari-oba biyu ko uku, wato kwasa-kwasan da ya faɗi sai ya maimaita, sun tare masa gaba. Ba daƙiƙi ba ne, kuma sau da yawa ba wasa ya yi ba. Ya shigo wuri ne mai dokokinsa, ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa su. A sakandare malami ya san sunansa, ya rubuta darasi a allo a kwafa, gobe ya duba littafi. A jami'a kuwa ɗaruruwa ne a ɗakin lacca, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, malami ya yi bayanin awa biyu da Turanci, ya tattara takardunsa ya fita. Wanda bai gane ba, kunya ba za ta bar shi ya ɗaga hannu a gaban wannan taro ba.

Wannan jagora na ɗalibin aji biyu ko uku ne, namiji ko mace, wanda ya haye wannan siraɗi kuma yake son ya riƙe hannun na bayansa. Abu ɗaya nake so ya zauna maka a rai tun daga nan: rukunin bita ba lacca ta biyu ba ce. Idan ka tara ƙannenka ka tsaya a gaban allo kana zuba su kuma suna kwafa, ka maimaita musu abin da ya kayar da su ne tun farko. Aikinka shi ne ka sa su su yi magana, su riƙe alli, su yi kuskure a gabanka tun kafin su yi shi a ɗakin jarrabawa.

Mataki na farko: zaɓi kwas, kada ka zaɓi "masu rauni"

Wannan tsari na ɗalibi ya jagoranci ɗalibai yana da tarihi. A shekarar 1973, a Jami'ar Missouri da ke birnin Kansas a Amurka, wata malama mai suna Deanna Martin ta fito da shi, bayan jami'ar ta ga ɗalibai na ta zubewa a wasu kwasa-kwasai na fannin lafiya. Hikimarta ita ce ba ta ware ɗaliban da ake ganin ba su da ƙoƙari ba. Kwas ɗin da aka san yana kayar da mutane ta nufa, aka buɗe bitarsa ga duk mai so. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe.

A wurinmu wannan hikima ta fi muhimmanci, don mu mutane ne masu gudun abin kunya. Ka ce "bita ce ta waɗanda ba su gane ba", ba wanda zai zo. Ka ce "bitar lissafin aji ɗaya ce, kowa ya san halinsa", sai ka ga har mai ƙoƙarin ajin ya zo.

Saboda haka ka zaɓi kwas ɗaya tak. A fannin kimiyya da injiniyanci da likitanci, lissafi da kemistiri da fiziks na aji ɗaya su ne suka fi yin ɓarna. A fannin kasuwanci da zamantakewa, akanta da ƙididdiga da tushen tattalin arziki ne. Kada kuma a raina darussan gama-gari, waɗanda a ABU ake kira GENS, a BUK ake kira GSP, a sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar kuma ake kira GST. Ɗalibai kan ɗauke su kamar na cike gurbi, alhali wanda bai ci su ba ba zai karɓi digiri ba. Kwas ɗin da za ka ɗauka ya zama ka ci A ko B a cikinsa, kuma littafin laccarka na bara yana nan. Idan malamin da ya koyar da kai shi ne yake koyarwa bana, to ka yi dace, don ka san inda yake nanatawa da yadda yake jefa tambaya.

Mataki na biyu: ka gaida masu gida

Kafin ka tara kowa, je ofishin malamin kwas ɗin a lokacin da yake ganin ɗalibai. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce: "Ranka ya daɗe, na yi wannan kwas bara a wajenka, ina so in riƙa zama da wasu 'yan aji ɗaya muna bita. Ko akwai abin da ya canza a manhajar bana?" Minti biyar ya isa. Amfanin haka biyu ne. Za ka san ko an sauya jerin darussa, kuma idan wata rana magana ta tashi cewa wani yana tara ɗalibai, an riga an san da kai. Ka sanar da kodinetan aji ɗaya na sashenku ma, da wakilin ajin, tunda ta hannunsa saƙo zai isa ga mutane.

A kusan kowace jami'a ta Arewa akwai tutoriyal da ƙungiyoyi ke shiryawa, musamman ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda ke nan tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS, da ƙungiyoyin ɗaliban sashe da na 'yan jiha ɗaya. Suna ƙoƙari ƙwarai, kuma mutane da yawa ta nan suka tsira. Sai dai yawancinsu taron mutum ɗari ne ko fiye, mutum ɗaya ke magana. Naka ba kishiyarsu ba ne. Ɗalibi ya je can ya ji bayani, ya zo wajenka ya gwada ko ya shiga.

Mataki na uku: tara mutane kaɗan, kuma da wuri

Mutum shida zuwa takwas. Idan sun gaza haka, ranar da biyu suka yi fashi zaman ya mutu. Idan sun fi haka, masu kunya za su sami bayan wani su ɓuya. Idan mutum ashirin suka nuna sha'awa, nemo abokan ajinka biyu kowa ya ɗauki rukuni, kada ka tara su duka don a ce kana da jama'a.

A fara a mako na biyu ko na uku da soma lacca. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rukunin da aka kafa saura kwana goma jarrabawa taron firgici ne kawai, kowa na tambayar "ina ne zai fito?"

Ka sa ido musamman a kan mutum iri uku. Na farko waɗanda sunansu ya fito a jerin ƙarshe, suka gama rajista an riga an yi nisa da lacca. Na biyu 'yan jeka-ka-dawo, waɗanda ke zuwa daga cikin gari, ba sa kwana a hostal, don haka duk labarin da ke yawo da dare ba ya isa gare su. Ɗalibin da ke tasowa daga cikin birnin Kano zuwa sabon mazaunin BUK a kan titin Gwarzo, ko daga Tudun Wadan Zariya zuwa ABU a Samaru, rabin ƙarfinsa a hanya yake ƙarewa. Na uku matan aure da masu goyo, waɗanda da an tashi lacca sai gida. Su ne suka fi kowa buƙatar rukunin, kuma su ne ba za su zo su roƙa ba.

Batun haɗa maza da mata kuwa, ka tambayi mutanenka, kada ka yanke musu. Wasu 'yan mata ba za su buɗe baki a gaban maza ba, wasu kuma iyaye ko miji ba za su yarda ba. Idan haka ne, a nemo wata yaya mace ta riƙe rukunin mata. Idan an haɗa, a zauna a fili da rana inda kowa ke wucewa.

Mataki na huɗu: lokaci da wuri

Sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, rana ɗaya, wuri ɗaya, ba a canzawa sai da larura. Mafi kyau a zauna kwana ɗaya ko biyu bayan laccar kwas ɗin, tun abin bai huce ba. Tsakanin La'asar da Magariba ya fi yi wa yawancin mutane daidai: rana ta yi sanyi, ba a buƙatar wutar lantarki, masu tafiya gida kuma za su sami mota da ido. Ranar Juma'a da rana da Lahadi da safe a bar su.

A nemi ajin da ba kowa mai allo. Idan babu, gindin bishiya da kwali da alƙalamin maka sun wadatar. Ɗakin karatu irin na Kashim Ibrahim a Samaru wurin karatun mutum shi kaɗai ne, wurin shiru, ku kuwa surutu za ku yi. Ɗakin kwana ma bai dace ba, don da an ga katifa da tukunya an tashi daga karatu.

Mataki na biyar: zaman farko ba na kwas ba ne

A zaman farko kada a buɗe handawut, wato takardun darasin da malami ke rabawa. A gabatar da juna: suna, gari, makarantar da aka fito, da abin da ya fi ba mutum tsoro tun da ya shigo. Kai za ka fara, ka faɗi abin da ya wahalar da kai a aji ɗaya, don su san ba laifi ba ne a ce ba a gane ba.

Daga nan sai lissafin CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya ɗauka. Abin mamaki ne yawan ɗaliban da ke gama zango guda ba su san yadda ake auna su ba. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ne mai maki 5, 60 zuwa 69 B ne mai 4, 50 zuwa 59 C ne mai 3, 45 zuwa 49 D ne mai 2, 40 zuwa 44 E ne mai 1, ƙasa da 40 kuma F, sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit. Ana ninka makin da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit.

Kada ka faɗa musu da baki kawai, ba su su lissafa. Ɗalibi ya ɗauki kwas biyar, kowanne yunit uku, ya sami A, B, B, C da F. Jimilla 48, a raba da 15, ya tashi da 3.20. Da F ɗin nan C ce, da 57 ya tara, ya tashi da 3.80. Kwas ɗaya ya fitar da shi daga sahun digiri mai daraja ta biyu ta sama, wanda ke farawa daga 3.50, ya jefa shi ta ƙasa. Daraja ta ɗaya kuwa daga 4.50 take farawa. Sannan a yawancin jami'o'i sifilin nan ba ya goguwa: ko ka sake kwas ɗin ka ci A, tsohuwar F tana cikin lissafi.

Ga lissafi na biyu, wanda ya fi sa mutane yin tsit. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.00 a digirin shekara huɗu, idan yunit ɗin kowace shekara daidai suke, sai ya riƙa samun 4.00 a duk shekaru ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Kuma a aji ɗaya ne darussa suka fi sauƙi. Maganar da wasu ke yi wa sababbi cewa "lebul wan hutu ne, sai gaba za a dage" ita ce muguwar shawara mafi tsada a jami'a.

A wannan zaman ne kuma za ka bi da su ta kan ƙananan abubuwan da ke kayar da mutum ba tare da ya faɗi jarrabawa ba. Kowa ya fito da takardar rajistar kwasa-kwasansa a duba: lambar kwas daidai take? An sa hannu? An ajiye kwafi? Wanda ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba ya yi aikin banza, wanda kuma ya yi rajista bai zauna ba F ce ke jiransa. Su san cewa gwaji da aikin gida suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari, don haka wanda ya yi wasa da su ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Su san dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca, wadda wasu malamai ke aiki da ita ba sani ba sabo. Su san cewa rashin lafiya ranar jarrabawa a asibitin makaranta ake kai shi a karɓi takarda, ba a kwanta a ɗaki a zo da labari daga baya ba. Su nemi littafin dokokin ɗalibai su karanta shafin da ya yi maganar makin da ake ba mutum gargaɗi a kansa da wanda ake sallamarsa.

Mataki na shida: yadda zama ke tafiya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin rukunoni ke karkacewa.

Minti goma na farko, kowa ya rufe littafinsa. Ka ba su farar takarda, kowa ya rubuta duk abin da ya tuna daga laccar da ta wuce. Za su ji haushin wannan da farko, don mutum yana ganin ya gane har sai an ce ya faɗa. Amma ƙoƙarin jawo abu daga ka shi ne ke kafa shi, fiye da maimaita karanta shafi sau biyar. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan ba tare da an ba shi suna ba: gardi ba ya karanta wa yaro allonsa kullum, biya masa yake yi sau ɗaya ko biyu, sannan ya kife allon ya ce kawo. Hadda ba ta zama sai da tilawa.

Sai minti ashirin na gwama littattafai. Biyu-biyu, kowa ya duba abin da ɗan'uwansa ya rubuta a lacca wanda shi ya tsallake. A nan za ka gane wanda bai iya ɗaukar bayani a lacca ba, mai jiran a yi masa shifta kamar a sakandare. Nuna masa naka na bara: yadda kake taƙaita kalma, yadda kake barin fili a gefe don tambaya, yadda kake sa alama a inda malami ya nanata.

Sauran lokacin na aiki ne. Ka zo da tambayoyi uku ko huɗu da ka shirya tun daga ɗaki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kowa ya fara gwadawa shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan biyu-biyu, sannan mutum ɗaya ya fita allo. Ba wanda ya fi iyawa za ka tura ba. Tura wanda ya kai rabi ya maƙale, sauran su ja shi. Kai kuma ka koma kujerar baya ka zauna.

Za a juyo a ce maka, "Yaya, don Allah a nan ya ake yi?" Bakinka zai yi ƙaiƙayi, don amsar tana kan harshenka kuma faɗinta akwai daɗi. Daure. Ka ce, "Me malam ya ce a kan wannan ranar Talata? Wa ya rubuta?" Ko ka ce, "Ke da kika sami amsa daban, gaya mana ta ina kika bi." Idan ka yi tambaya aka yi shiru, kada ka yi saurin cike shirun. Ƙirga goma a zuci. Galibi kafin ka kai, wani zai motsa. Sai an gwada an gwada abin ya faskara ne za ka tashi, kuma ko a nan mataki ɗaya za ka nuna ka mayar da alli.

A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya bi diddigin dalilin da ya sa ɗalibai baƙaƙen fata masu hazaƙa ke faɗuwa a lissafin aji ɗaya, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin suna wucewa. Ya tarar bambancin ba na ƙwaƙwalwa ko himma ba ne. Na farkon kowa shi kaɗai yake karatu a ɗaki, na biyun kuwa bayan karatun kaɗaici sukan haɗu su gwama amsoshi, su yi gardama, su gyara wa juna. Da ya kafa rukunoni, bai ba su tambayoyi masu sauƙi don lallashi ba, masu wuya ya ba su. Ka riƙe wannan: kada tausayi ya sa ka sauƙaƙa musu abin da malami ba zai sauƙaƙa ba.

Idan aka yi tambayar da kai ma ba ka da tabbas, ka ce ba ka da tabbas. A rubuta ta, a wakilta mutum biyu su kai wa malami, su kawo amsa zama na gaba. Da haka ka koya musu hanyar ofishin malami, wadda da yawa ke gama aji ɗaya ba su taɓa takawa ba. Amsar da aka samo daga ChatGPT da ire-irensa ma a gwada ta da littafi da abin da malami ya koyar kafin a yarda da ita, don sukan kawo kuskure cikin tsari mai kyau.

Minti biyar na ƙarshe, kowa ya rubuta tambaya ɗaya da yake zaton za ta iya fitowa a jarrabawa daga darasin ranar. Ka tattara. Da su za a buɗe zama na gaba, kuma kafin ƙarshen zango kun tara taska.

Mataki na bakwai: Hausa ko Turanci?

Da yawa daga cikin ƙannenmu ba kemistiri ne ke kayar da su ba, Turancin da aka naɗe shi a ciki ne. Sun fito daga makarantun da malami ke karanta jimla da Turanci ya fassara da Hausa, yanzu kuma ba mai fassarawa. Ra'ayina a nan a fili yake: a fahimta da Hausa, a amsa da Turanci. Idan abu ya cije, a warware shi da harshen da kowa ke tunani da shi, ba abin kunya ba ne. Amma kada a tashi sai wanda ya ce ya gane ya sake faɗinsa da Turanci, ya kuma rubuta shi yadda zai rubuta a takardar jarrabawa. Rukunin da ya tsaya a Hausa zalla yana fitar da mutanen da suka san amsa amma ba su iya sa ta a takarda ba.

A ware lokaci a bi kalmomin da ake buɗe tambaya da su, don abin da ake nema idan aka ce a lissafo daban yake da idan aka ce a tattauna ko a kwatanta. Ɗalibi kan cika shafi biyu a inda layi biyar ake so, ko ya ba da layi biyar a inda ake son shafi biyu. Idan kuma akwai wanda ba ya jin Hausa a cikinku, ko mutum ɗaya ne, Turanci ne harshen zama. Jami'a ta kowa ce, kuma zama da shi zai gyara bakin sauran.

Mataki na takwas: gwaji, jarrabawa, da layin da ba a tsallakewa

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna da amfani idan an san yadda ake cin su. Ba haddace amsa ake yi ba. A jera na shekara uku ko huɗu a ga darussan da ba sa fashi da yadda ake juya tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Saura mako biyu gwaji, ku shirya naku ku gwada kanku: a zauna nesa da juna, a ajiye waya, a sa agogo, sannan a yi musayar takardu a yi wa juna maki. Wanda bai taɓa rubutu agogo na bin sa ba, ranar farko hannunsa rawa yake yi.

Bayan an dawo da sakamakon gwaji, a zauna a kansa. Ba a tilasta wa kowa faɗin makinsa, amma kowa ya faɗi inda ya zubar da maki: rashin sani ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko ƙarewar lokaci? Maganin kowanne daban.

Karatun kwana, wanda ɗalibai ke kira TDB, ba na ba da shawararsa, balle a daren jarrabawa. Wanda ya yi bita mako-mako ba ya buƙatarsa, wanda kuma bai yi ba dare ɗaya ba zai cece shi ba.

Layin da ba a tsallakewa shi ne wannan: aikin gida da za a ba maki, ana iya tattauna hanyarsa, amma kowa ya je ya rubuta nasa. Ba a tura amsa a WhatsApp a kwafa. Ba a shirya wanda zai zauna kusa da wa a ɗakin jarrabawa. Duk wanda ya zo da labarin wai ga tambayoyin da suka fita, a rufe maganar nan take. Hukuncin satar amsa a jami'o'inmu yakan kai ga kora, kuma idan aka bi sawu aka tarar a rukuninka aka ƙulla, sunanka ne a gaba.

Abubuwan da za su taso

Akwai mai mamaye magana, wanda kafin ka rufe baki ya amsa. Kada ka kunyata shi. Ja shi gefe ka ba shi aiki: shi ne zai riƙa zagayawa yana duba aikin wasu, da sharaɗin tambaya kawai zai yi, ba zai ba da amsa ba. Akwai mai zuwa hannu rabbana, bai je lacca ba, yana so a ba shi a taƙaice. A faɗa tun ranar farko cewa bita ba ta maye gurbin lacca. Akwai hira, wadda ba a hana ta gaba ɗaya, don ita ke sa baƙo ya saki jiki, amma a ajiye ta sai an tashi. Zauren WhatsApp na rukunin kuma na sanarwa da tambaya ne kawai, ban da siyasa, ban da ƙwallo, ban da saƙon "tura wa mutum goma".

Kuɗi kada ya shiga tsakani. Idan za a yi fotokwafi a yi karo-karo a fili, kowa ya ga abin da aka kashe. Da ka fara karɓar kuɗin bita, sun zama kwastomomi, za su so ka yi musu lacca don su ga amfanin kuɗinsu, wanda ba shi da shi kuma zai janye.

Wanda ya fi damuna shi ne mai ɓacewa. Ya zo sau uku, sai aka daina ganinsa. Kada ka ce ya ga dama ne. Kira shi, ko ka tura wanda suka fi shaƙuwa. Sau da yawa ba karatu ba ne: kuɗin mota ya ƙare, ko bai sami wurin kwana ba, ko bai kammala biyan kuɗin rajista ba, ko kewar gida ce ta danne shi, ko, idan yarinya ce, wani ne ke matsa mata. Kai ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Abin da ke kanka shi ne ka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ka raka shi: sashen kula da harkokin ɗalibai, ofishin ba da shawara, asibitin makaranta, kodinetan aji. Wanda kuɗin makaranta ya gagara, a nuna masa yadda ake neman rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024, da tallafin karatu na jiharsa. Abin da ya gaya maka a asirce kuma ya tsaya a wajenka.

Da azumi a mayar da zama safiya, a rage tsawonsa. Idan yajin aiki ya faɗo, kamar na ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kada a watse. Tambaya ɗaya a mako ta WhatsApp, kowa ya ɗauki hoton aikinsa ya turo, ta isa ta riƙe zaren, don idan aka dawo akan matse zango ne a afka jarrabawa.

Mataki na ƙarshe: kai ma ɗalibi ne

Awa uku a mako, har da shiri, shi ne iyakar abin da ya kamata rukunin ya ci maka. Idan ka ga ana ƙwanƙwasa maka ƙofa sha ɗayan dare, ko naka makin ya fara sauka, ja layi. Ka gaya musu tun farko cewa makon jarrabawarka ba za ka samu zuwa ba.

Don haka tun daga tsakiyar zango ka fara sakin ragama. Wannan makon wance ce za ta kawo tambayoyi, mako mai zuwa wane ne zai riƙe lokaci ya rarraba aiki. A zango na biyu ka riƙa zuwa mako ɗaya kana tsallake ɗaya, ka ga ko zaman zai yiwu ba kai. Tambayoyin da kuka tara, da tsofaffin takardun jarrabawa, da jerin darussan da suka fi ba mutane wuya, a haɗa su a fayil ɗaya, na takarda da na waya. Kafin a tafi hutun ƙarshen shekara ka zaɓi mutum biyu daga cikinsu, ba lalle waɗanda suka fi maki ba, waɗanda dai ka lura suna da haƙurin sauraron mai kuskure har ya kai aya. Ka miƙa musu fayil ɗin, ka kai su wajen malamin kwas ka gabatar da su, ku kuma tsayar da makon da za su fara da sababbin da za a ɗauka.